Hannun da Ke Jin Zafin Goggo

A gida Baffa ake ce masa, daga 'ya'ya har jikoki, har da maƙwabtan da suka girme shi. Amma a kwalejin koyon aikin lantarki, inda ya shiga da baƙin gashi ya fito da furfura, in ka ce kana neman Baffa sai a yi ta kallonka. Sai ka ce Sannu-Sannu, sannan mai gadi zai nuna maka dogon ginin da ke bayan bishiyoyi. Shi ba malamin aji ba ne. Mai kula da ɗakin gwaji ne: shi ke buɗewa, shi ke jona wayoyi, shi ke tsayawa a kan ɗalibai don kada su ƙona kansu ko su ƙona kayan makaranta.

Ɗakin dogo ne, tagoginsa can sama kusa da rufi. Man inji ya rine bencinansa har sun yi baƙi suna sheƙi, kuma warin tagulla da na tsohon fenti ne ke fara yi wa mai shiga maraba. A ƙuryar ƙarshe, kan wani dakalin siminti, nan aka kafe Goggo da manyan kusoshi. Goggo injin lantarki ce mai cin wuta layi uku, irin wanda masu aikin ke kira moto, wanda ke juya famfunan ruwa da injinan masana'anta. Girmanta ya kai ƙosasshiyar tunkiya a kwance. Ɗaliban farko-farko ne suka raɗa mata sunan, saboda gunagunin da take yi in an kunna ta, kamar tsohuwar da aka tasa daga barcin rana.

Abin da ake koya a kanta shi ne yadda za a san cikin moto ba tare da an farke shi ba. Malami zai zana wani hoto a allo, layuka da murɗaɗɗun alamomi, kowace alama tana tsaye a madadin wani hali na cikin injin: yadda wayar tagulla ke tare wuta, yadda ƙarfen ciki ke shan wani kaso a banza, yadda ƙarfin maganaɗisu ke zurarewa bai yi aiki ba. Kowace alama tana son lambarta, lambobin kuwa ba a jikin moto aka rubuta su ba. Sai an tambaye ta.

Tambayar farko tana kwance ake yi mata, a kashe, a auna wayoyinta da 'yar ƙaramar mita. Ta biyu a sake take: a cire mata bel, a ba ta cikakkiyar wuta, ta yi ta gudu ba kaya, ɗalibai na karanta mitoci. Ta ukun ita ce mai haɗari, gwajin ɗaure. A nan ake matse sandar da ke juyawa tsakanin katakai biyu yadda ba za ta motsa ba, sannan a riƙa ɗura mata wuta kaɗan-kaɗan da wata na'ura mai hannu kamar sitiyarin mota, har allurar mita ta hau jan layi. Duk ɗalibin da ya kama sitiyarin nan sai ya ji murya a bayan kunnensa: "Sannu-sannu, ɗana. Ba kasuwa za ka ba." Daga nan sunan ya samo asali.

Haɗarin shi ne, fankar da ke sanyaya moto a jikin sandar take. In an ɗaure sanda, fanka ta tsaya, zafi ya yi ta taruwa a ciki ba mafita. Kwalejin ta taɓa mallakar ma'aunin zafi, wani ya yar da shi ya fashe, ba a kuma sake sayen wani ba. Me za a yi da shi, ga hannun Sannu-Sannu? Da an fara gwajin ɗaure zai ɗora tafin hannunsa na dama a bayan Goggo, ya karkatar da kai kamar mai sauraron gulma. In malami ya ce, "Yaya take?" ya ce, "Da saura." Can sai ya ce, "Sauke," a mai da sitiyari baya, a kwance ta, a bar ta ta yi gudu ta sha iska. Ba wanda ya taɓa duba agogo a ɗakin nan. Malamai sun zo sun tafi, Goggo ko tari ba ta taɓa yi ba.

Hannun nan har gida yana da suna. Matan layin kan kawo masa yara ya taɓa goshinsu, in ya ce a tafi asibiti ba a musu. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, mai saƙa ce da ɗinkin hannu, bakinta kuma bai fi allurarta laushi ba. Takan ce, "Ni dai Allah ya haɗa ni da ma'aunin zafi. Ko ruwan wanka na kai masa sai ya ba shi maki."

Akwai wani abu da ɗalibai suke ganin sirrinsu ne, alhali Baffa ya san shi kamar yunwar cikinsa. Tunda Goggo ɗaya ce, halinta kuma bai canja ba, lambobinta ma ba su canja ba. Saboda haka kowane aji kan gadar wa na bayansa, baki da baki, kamar tatsuniya. Rabin masu shigowa gwaji da amsarsu a ka suke zuwa. Shi ma ya haddace su tsaf, ko daga barci aka tashe shi zai zubo su. Abin da ba ya yarda da shi kawai shi ne a rubuta kafin a duba. Wata shekara ya kama wata yarinya siririya, mai tabarau, ta cika takardarta tun ba a kunna wuta ba. Ya leƙa ta kafaɗarta ya ce, "'Yata, allura tana barci, ke har kin rubuta mafarkinta?" Ajin ya kwashe da dariya, ita kuwa kamar ƙasa ta tsage ta shige. Yarinyar nan ce ta je ta yi karatu mai zurfi, ta dawo ta zama shugabar sashen. Kowa na ce mata Malama, shi ma haka, ita kuma har gobe Baba take ce masa, ba ta kuma zama in yana tsaye.

Ciwon suga ya daɗe tare da shi, suna zaman lafiya. A shekararsa ta ƙarshe ta aiki ne ciwon ya fara karɓar haraji. Da farko yatsunsa suka riƙa yi masa kamar tururuwa na bi, daga baya tururuwar ma ta yi shiru. Bai gaya wa kowa ba.

Wata safiya Inna na shara ta ɗaga kai ta gan shi ya sauke butar shayi daga wuta da hannu tsirara, ya riƙe ta ta ciki yana neman kofi.

"Malam, ajiye butar nan."

"Me ya faru?"

"Ajiye na ce."

Ya ajiye. Ta kama hannun ta juya. Tafin ya yi ja, har ya fara tasowa. Ta daɗe tana kallo.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kar ka mai da ni yarinya. Hannun nan na fi ka saninsa."

Ya ce tun kafin damina. Ta ɗauko man shafawa tana shafa masa, ba ta kalle shi ba ta ce, "Ka gaya wa Malama."

"Jarrabawa ɗaya ta rage mini in ajiye aiki. In na faɗa, kujera za su ba ni a bakin ƙofa in riƙa kallon takalman masu shiga."

"Kujera ba ta cizo."

"Innar yara, na san Goggo. Ko ba hannu ina da kunne, ina da hanci."

"Hancin da tukunyata ta ƙone jiya a gabansa yana sauraron rediyo?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ranar jarrabawa ta faɗo cikin tsananin zafi, ɗalibai kuma sun fi na kullum yawa saboda an haɗe aji biyu. Rukuni na fita, rukuni na shiga. Baffa ya tsaya inda ya saba, ya ɗora hannu inda ya saba, har wurin ya yi santsi don shekaru. Ba ya jin komai sai nauyin hannun kansa. Sai ya koma kintace: in ya ga kamar an jima, ya ce a sauke. Da safe kintacen ya yi daidai. Da rana ta take, layi ya yi tsawo har waje, Malama ta riƙa duban ƙofa, shi kuma ya riƙa rage hutun da yake ba Goggo don kada a ce tsoho ne ke jan aiki.

Sai aka zo kan wani rukuni masu nawa. Mai riƙe da sitiyari ya wuce jan layi bai lura ba, sauran suna gardama kan wace mita za a fara karantawa. Malama ta waiwayo daga wani benci.

"Baba, yaya take?"

Ya buɗe baki. Maganar gaskiya ta zo har maƙogwaro, ta ga idon ɗalibai, ta koma.

"Da saura," in ji shi.

Kafin hanci ya ji, aikin gama ya gama. Gunagunin Goggo ya canja, wani abu ya yi ƙara a ciki, baƙin hayaƙi ya fito ta ramukan fanka. Malama ta ruga ta kashe babban makunni. Ta kai yatsa jikin injin, ta janye da sauri tana yarfewa. Sannan ta ga hannun Baffa yana nan a kai, bai ɗauke ba. Ita ta ɗaga masa shi da hannunta biyu. Ta dubi tafin, ta dubi fuskarsa, ta ce wa ɗalibai su fita.

Bayan an ɗaure masa hannu a asibitin makaranta, suka zauna a ofishinta.

"Baba, me ya hana ka gaya mini?"

"Abin da aka san ni da shi ke nan, Malama. In na ce babu, me ya rage?"

"Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Mu da muka mai da mutum ma'auni fa?" Ta cire tabarau ta murza ido. "Shugaban kwaleji ya ce a haɗa ta da tarkacen da 'yan gwangwan za su kwasa. Wai za a kawo sabuwa mai allon kwamfuta."

"Yaushe?"

"Ka san 'za a kawo' ta gidan nan. Tun ina ɗaliba ake kawo mana janareto."

Baffa ya dubi ɗaurarren hannunsa. Ya hango Goggo a kan sikelin 'yan gwangwan, ana dukanta da guduma don a zare tagulla. Ya hango dakalin nan wayam, yara na koyon gwajin ɗaure a allo, ana kuma cewa ai Sannu-Sannu ne ya ƙona ta ranar tafiyarsa.

"A ba ni ita hutun nan. Kafin in zo gidan nan, a shagon mai naɗin waya na tashi. Zan sake mata naɗi."

"Da wannan hannun?"

"Da shi na ɓata."

Ta je ta roƙa, ta dawo ta ce, "An ba ka zuwa ranar komawa makaranta. In ba ta tashi ba, Baba, ba ni da bakin da zan sake roƙo."

Haka aka sauke Goggo daga motar ɗaukar kaya a tsakar gidansu, ƙarƙashin rumfar da Inna ke saƙa. Inna ta zagaya ta ta ce, "Ashe ke ce. Shekara da shekaru ina jin labarinki, ashe ma ba ki da wani kyau."

Da hannun ya warke ya buɗe ta. Ya yanke ƙonanniyar waya, ya ƙirga zagayen kowane naɗi kafin ya zubar, ya kankare ramukan ƙarfen tas. Ya zaga kasuwa bai sami waya mai kaurin ta dā ba, masu shaguna suka ce an daina yin irinta, dole ya ɗauki mafi kusa. Ya sassaƙa katakon da ake naɗa waya a kai. Duk wannan ido da ƙwaƙwalwa sun isa. Da aka zo naɗin kansa ne abin ya tsaya. Wayar tana da wani siririn fenti a jiki, in ya ƙwarzane ko kaɗan wuta za ta tsallaka, kuma yatsa ne kawai ke gane ƙwarzanen. Ja ma sai da ji: in ya yi sako-sako ba zai shiga rami ba, in ya yi tsauri waya ta ji rauni. Baffa ya naɗa na farko ya fito kamar sheƙar tsuntsu. Na biyu ya karce shi a bakin rami bai sani ba, sai da ya ga tagulla na ƙyalli. Ya zauna ya zuba wa hannayensa ido, kwanakin hutu kuwa suna ta tafiya.

Inna tana gefe da ƙwarashinta, kwana da kwanaki tana kallonsa ta gefen ido. Ran nan ta soke shi cikin ƙullin zare ta miƙe.

"Matsa can."

"Ina za ki?"

"Mutum ya ga zare ya ce ba na mata ba ne, don kawai ja ne yana ƙyalli."

"Wannan fa ba hular jarirai ba ce."

"Ita hular jarirai ba ta taɓa ƙonewa a hannuna ba."

Maganar ta shige shi. Ya sunkuyar da kai, can kafaɗunsa suka fara rawa, sai ga shi yana dariya har da hawaye. Ya matsa.

Daga ranar aikin ya zama na mutum biyu. Ita ke jan waya tsakanin babban yatsa da manuni, ido a lumshe, tana naɗawa a katako, shi yana ƙirga zagaye da ƙarfi. Wani lokaci ta tsaya cak ta ce, "Nan akwai ciwo," ya kawo gilashin ƙara girma ya duba, ya tarar kuwa akwai. Duk wanda ya yi sallama a kwanakin nan hannu kawai ake ɗaga masa, ya tsaya a bakin ƙofa har a kai ƙarshen naɗi, domin ranar farko wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, lissafi ya ɓace, sai da aka warware duka. Ita ta jera takardar kariya a ramuka, ta tura naɗi ɗaya bayan ɗaya da ɗan katako kamar mai yi wa jariri shimfiɗa. Shi ya nuna mata wace waya ke haɗuwa da wace, layi uku, kowane da hanyarsa. Suka yi faɗa kan ɗaurin bakin naɗi, ya ce ba haka maigidansa ya koya masa ba, ta ce maigidan nasa bai taɓa yin kitso ba. Nata aka bari. Daga ƙarshe suka shafe naɗin da banish, man nan da ke bushewa ya riƙe waya, suka gasa shi cikin tsohuwar durom da ƙwayayen fitila, gidan ya yi ta wari har kaji suka ƙaurace wa rumfar.

Ranar komawa aka mai da Goggo kan dakalinta. Inna ta yafa mayafinta mai kyau ta ce ƙafarta ƙafarsa. Tsawon aurensu ba ta taɓa taka ɗakin nan ba. Ta tsaya a ƙofa tana kallon dogayen tagogi da baƙaƙen bencina, ta shaƙi iskar ta ce, "To, yau na ga inda warin rigunanka yake kwana."

Malama ta tara sabon ajin ƙarshe. Aka yi gwajin kwance, layukan uku suka ba da awo kusan ɗaya, Baffa ya ɗan saki numfashi. Aka cire bel don gwajin sake. Malama ta nuna masa makunni, ya girgiza kai, ita ta danna. Goggo ta yi wani nishi, sanda ta motsa, ta ɗauki gudu. Ba hayaƙi. Sai gunagunin nan, ya ɗan fi na dā kauri, kamar wadda ta tashi daga jinya tana ba da labarin asibiti. Baffa ya nemi benci ya zauna.

Saura gwajin ɗaure. Malama ta fito da sabon ma'aunin zafi daga jakarta ta manna a jikin injin, ta ajiye agogo a gefe.

"Madalla," in ji Baffa. "Amma a sa hannu ma."

"Na wa, Baba?"

"Ni na naɗa ta," in ji Inna, ta riga ta naɗe hannun riga. "A ina kake sawa?"

Ya nuna mata wurin da ya yi santsi. Shi ya kama sitiyari, abin da bai saba ba, idonsa a kan allura, leɓɓansa na motsi. Na kusa da shi suka ji yana cewa sannu-sannu, shi da kansa. Allura ta hau jan layi ya tsaya. Ɗalibai suka karanta mitoci.

"Innar yara, yaya take?"

"Kamar goshin yaro mai fitar haƙori."

"Da saura ke nan."

Jim kaɗan ta ce, "Yanzu kam in yaron ne, asibiti zan kai shi." Malama ta dubi ma'auninta ta gyaɗa kai, Baffa ya mai da sitiyari baya.

Ɗalibai suka duƙufa kan lissafi. Can sai aka fara kallon juna, ana goge takarda, ana raɗa. Wani dogo ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, kamar mitocin nan sun lalace. Amsar ba ta fito daidai ba."

"Daidai da me?"

Dogon ya sauke hannu. Malama ta dubi Baffa ta saman tabarau, shi ma ya dube ta, su biyu suka tuna da siririyar yarinyar nan.

"Waya sabuwa, hannun naɗi sabo, ƙarfen ciki kuma ya sha wuta," in ji ta. "Lambobin da yayyenku suka ba ku na waccan Goggon ne. Wannan ba wanda ya san ta, har ni, har Baba. Abin da allura ta gaya muku shi za ku rubuta."

Da suka gama ta zana hoton a allo, ta cika kowace alama da sabuwar lambarta. Baffa ya matso kusa don ganinsa ya ragu. Ya roƙi a karanta masa, aka karanta, ya ce a sake. A hanyar gida Inna ta ji shi yana ta maimaita su ƙasa-ƙasa, yana tuntuɓe, tsofaffin na shigo masa ciki.

Ya rayu shekaru bayan haka, yana zama a ƙarƙashin rumfar nan da rediyonsa, matan layi kuma suka koma kai wa Inna goshin yaransu. Sabon injin mai allon kwamfuta bai iso ba har ya bar duniya. Da Malama ta zo gaisuwa, ita ma furfura ta fara leƙo mata, ta ce Goggo na nan tana gunaguninta. Ta ce yara sun riga sun haddace sababbin lambobin suna gadar wa juna, har sun sa musu suna lambobin Inna.

Inna ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To ki riƙa leƙa takardunsu kafin a kunna wuta. Kuma a riƙa barin ta tana shan iska. Ɗaurin nan nawa ne, ba na son a zo a ce mini ya saki."